Wutar da Na Hana Ta Tsallaka Katanga

Balki ce ta sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Ta dawo daga wani suna a unguwar su Baba Audu fuskarta a ɗaure, ta zauna a bakin tabarmata har na idar da sallar la'asar. Sannan ta ce wata mata a wurin sunan ta nuna ta da leɓe, ta ce ga ɗiyar mutumin da ya kwanta a kan wuta kamar kaza a kan ƙwai har garkar wansa ta ƙone. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce mata garkar ta ƙone, makullin wutar kuma yana aljihuna a ranar, wannan babu ƙarya a ciki, amma akwai sauran magana. A shekarar da abin ya faru ku ƴaƴana duk kun watse. Nura yana karatu a Yamai, Balki tana ɗakinta a Maraɗi, Sa'adu yana bin kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Katsina, saboda haka kowannenku guntun labari ya tsinta a bakin mutane. Ni kuma muddin Yaya Audu yana da rai ban ga dacewar in zaunar da ƴaƴana in wanke kaina a kan wana ba. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ni ma nawa idon ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Ga yadda abin ya kasance, da wanda ya yi mini daɗin faɗi da wanda bai yi ba.

Sai kun san wane ne Yaya Audu a wurina kafin ku gane nauyin al'amarin. Mahaifinmu ya rasu ban gama zubar da haƙoran nono ba, Yaya Audu ya riƙe gidan yana saurayi. Abin da aka bar mana gonar gero ce guda da wata ƴar garka ta ban ruwa a wajen tabki, nan Madarumfa. Da na fara tasowa, wata safiya ya ɗora ni a bayan kekensa har Maraɗi, ya damƙa ni a hannun wani mai naɗin moter, wato wayar cikin injunan wuta. Kafin ya juya ya kama kafaɗata.

"Ƙasar nan ba ta isarmu mu biyu, Hamisu," ya ce. "Ni ƙasa ta san ni. Kai hannunka yana da wayo, tsaya ka koyi abin da ba ya jiran ruwan sama."

Duk tsawon shekarun da na yi a ƙarƙashin maigidan nan, gero bai taɓa yanke mini daga gida ba, ko a shekarar da na san rumbunsa bai cika ba. Daga nan na shiga harkar wuta, na shekara arba'in ina cin abinci da ita: naɗin moter, ja wa mutane waya a gidaje, gyaran famfunan garake. Ina cikin tunanin ajiye kayan aiki sai Alhaji Lawali, wani ɗan kasuwa da ya yi arzikinsa a hanyar Ɗan Issa, ya gina izin, wato masana'anta, a bakin gari, can wajen garake. Man gujiya ake matsa a ciki, akwai kuma ɗakin ƙanƙara da masu saida kifin tabki suka dogara da shi. Ya ɗauke ni in kula da wutar wurin. Kuran, wato wutar kamfani, yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama, gurup ɗin da muke tayarwa idan an ɗauke wuta kuma yana shan gazuwal kamar raƙumi a bakin rijiya. Shi ya sa a shekara ta biyu Alhaji ya lulluɓe rufin izin da fano, farantan nan masu shan hasken rana su ba da wuta.

Wadda ta zo ta haɗa aikin wata injiniya ce daga Maraɗi, Madam Rakiya, shekarunta ba su kai na Balki ba. Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko na ji zafin a ce yarinya za ta nuna mini waya. Ita kuwa ta gaishe ni har ƙasa, ta kira ni Baba, ta ce in nuna mata yadda na ja wayoyin wurin, ta saurare ni har na gama. Sannan ta fito da wani akwati da bai fi tiren shayi girma ba, mai ɗan gilashi a fuskarsa, ta kafa shi a bangon ɗakin wuta.

"Baba Hamisu, kamfanin wuta ya yarda mu sa fano da sharaɗi guda," ta ce. "Abin da rana ta ba mu, a cikin katangar nan za mu cinye shi. Ko ɗigo ba zai koma kan layinsu ba."

"To in rana ta ba da fiye da abin da injuna ke ci fa?"

"Sai akwatin nan ya ce wa fano su rage hannu."

Ta nuna mini zobba uku da ta sa wa manyan wayoyin da ke shigowa daga layin gari. Zobban nan suna jin inda wuta ta nufa, ko shigowa take ko fita. Da zarar sun ji tana neman juyawa waje, sai su faɗa wa akwatin, shi kuma nan take ya rage abin da fano ke bayarwa har ya yi daidai da abin da injuna ke buƙata. Idan an tada babban injin matsa, ya sake su. Idan an kashe, ya ja musu linzami. Ma'aikata suka sa masa suna mai gadi. A gilashinsa kana iya ganin abin da rana za ta iya bayarwa da abin da aka yarda aka karɓa, kuma da tsakar rana, lokacin da ake tsayawa cin abinci, tazarar da ke tsakanin su biyun takan sa ni jin wani iri. Na ce mata wannan ai asara ce.

"Asara ce, Baba," ta ce. "Amma layin nan ba namu ba ne. Tiransifon unguwar nan ƙarami ne, an yi shi don ya sauko da wuta, ba don ya karɓa daga gare mu ba. Mutanen da ke hawan turakun kuma ba su san da mu ba."

Abu na biyu da ta nuna mini shi ne babban makunnin da ke tsakanin izin da layin gari. Idan an ɗauke kuran, shi ke raba mu da layi gaba ɗaya, gurup ya tashi, fano su taimaka masa, mai gadi ya hana su tura masa wuta baya. Makunnin yana cikin keji, da kwaɗo a jiki. Ta miƙo mini makullin, ta fara bayanin abin da zai faru idan wutarmu ta hau layin da ake zaton matacce ne. Na ce mata ba sai ta ƙarasa ba. Lokacin da nake koyon aiki a Maraɗi, akwai wani abokin maigidana, Mamman, ma'aikacin layi, mutum mai yawan dariya da kan saya mana ƙosai. Wata rana ya hau turke bayan ya tabbatar an kashe layin. Ashe wani mai shago ya tada gurup ɗinsa bai raba shi da wayar gari ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki Mamman daga gindin turken. Har yau na san nauyin ƙafafunsa. Madam Rakiya ta ce ashe ta ba da makullin inda ya dace.

Yanzu ga ɓangaren da mutane ba su faɗa, wanda kuma shi ya fi cin raina. Garkar Yaya Audu tana bayan izin, tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba, kuma a kan tiransifo guda muke. A da da motopom mai shan esansi, wato fetur, yake ban ruwa daga wata rijiya marar zurfi. Rijiyar ta fara ja baya, ni da bakina na ce masa ya haƙa mai zurfi, ya sa famfon kuran a ciki, ya rabu da wahalar esansi. Ya yi ta jan ƙafa, na yi ta matsa masa. Daga ƙarshe ya saida motopom ɗin da bijiminsa guda, ni na sauke famfon a rijiyar da hannuna, ni na ja masa waya. Shekara biyu garkar nan ta zama abin kallo. Tattasai, zogale, albasa, ga kuma dashen mangwaro da lemo da ya jera a gefen gabas, kowane da sunan jikan da ya dasa wa. Idan na biyo ta wurin sai ya tsinko mini tattasai ya ce ga ladan shawara.

A ƙarshen bazarar shekara ta uku aka yi wata iska mai ƙarfi, irin wadda ke zuwa da alamar hadari amma ba ta sauke ko ɗigo. Ta kada turakun babban layi a wurare da dama. Aka ce gyara zai ɗauki kwana biyu, kwana biyu suka zama sati. Zafi a lokacin ya kai inda ko kaji ba su fitowa daga inuwa. Gari duka babu wuta, sai izin kaɗai ke ruri, ana jin gurup ɗinmu har garake, ana kuma ganin fano suna ƙyalli a rufi. Ganyen tattasan Yaya Audu ya fara lanƙwashewa. Na bi Maraɗi gida gida neman aron gurup da zai iya ɗaukar famfonsa, duk wanda ke da shi ko yana amfani da abinsa ko an riga ni. Na auna tsakanin katangar izin da rijiyarsa da ƙafa, ko zan ja masa waya ta daban. Nisan ya fi ƙarfin wayar da za a samu, kuma sai ta tsallaka hanyar da manyan motoci ke bi.

A kwana na tara ya zo gidana da hantsi. Tun da na gina gidan nan bai taɓa zuwa da buƙata ba, ni ke zuwa wurinsa. Mahaifiyarku Dije ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo fura, bai taɓa ba.

"An ce mini ran Juma'a kuna kashe injuna daga hantsi har la'asar," ya ce.

"Haka ne, Yaya."

"An ce wutar ranar nan zubar da ita kuke yi."

"Ba zubarwa ba ne. Hana ta fitowa ake yi."

"Ni manomi ne, ban san bambancin ba. Abin da na sani, mu tara ne a kan layin wanga, tara duka garakenmu na mutuwa. Ɗan Tanin ya ce zai hau ya cire fis a tiransifo, layinmu ya rabu da babban layi. Kai kuma ka buɗe naka. Awa biyu, Hamisu. Mu cika kwamai, mu jiƙa ƙasa, ka rufe abinka, ya maida fis. Wa aka cuta?"

Ɗan Tanin maƙwabcinsa ne a garka, ya ɗan taɓa aikin waya. Na fara yi wa Yaya Audu bayani: fis ɗin nan na kamfani ne, ba mu da ikon taɓawa. Ma'aikata suna kan layi kowace rana, ba mu san inda za su ɓullo ba. Idan fis guda bai fita daidai ba, tiransifo zai ɗauki ƴar wutarmu ya ninka ta ya aika da ita kan babban layi. Idan kuma wani ya zo ya maida fis bai san muna ciki ba, aka dawo da kuran, wuta biyu za su yi karo a gidajen mutane. Ya bar ni na gama.

"Ban tambaye ka abin da zai iya faruwa ba," ya ce. "Ka iya ko ba ka iya ba?"

"Na iya."

"To ran Juma'a bayan masallaci muna jiranka."

Ya miƙe ya tafi. Kwana ukun da suka biyo baya abinci bai yi mini daɗi ba. Dije ta ji duk abin da aka faɗa daga bayan zana, kuma mahaifiyarku ba mai ɓoye ra'ayinta ba ce. Tana tankaɗe ta ce da ni, ba ta ko ɗago kai ba:

"Malam, mutumin nan bai taɓa roƙonka ko allura ba. Kai ka raba shi da motopom ɗinsa. In ka hana shi, da wane ido zan dubi matarsa?"

"In na ba shi, wani ya faɗo daga turke, da wane ido zan dubi matar wancan?"

"Wancan ba ka san shi ba. Wataƙila ma babu shi."

"Wataƙila."

"To ni dai na faɗi nawa. Abin da ka yanke, a gidan nan za ka kwana, tuwonka kuma ba zai canza ba."

Na je wurin Alhaji Lawali ina fatan ya ɗauke mini nauyin. Da ya ce a'a, da na je na ce wa Yaya Audu mai wuri ya hana. Amma Alhaji ɗan kasuwa ne, yana son zama lafiya da masu garake, yana kuma son zama lafiya da kamfanin wuta. Ya yi ta juya carbinsa, sannan ya ce shi ran Juma'a a Maraɗi zai yi salla, makulli kuma ba a hannunsa yake ba, abin da bai gani ba ba za a tambaye shi ba. Na buga wa Madam Rakiya waya. Ta saurare ni, ta ce ba za ta ce mini in yi ba, kuma ta san ba don in ji fatawa na kira ta ba, domin abin da ta sani na riga ta saninsa. Ta ce ta yi mini baƙin ciki. Haka kowa ya maido mini kayana.

Ran Juma'a na sauko daga masallaci na wuce izin. Ma'aikata duk sun tafi, sai gurup yana ruri a hankali saboda ɗakin ƙanƙara. Na shiga ɗakin wuta na rufe ƙofa. A gilashin mai gadi na ga rana tana da abin da zai ɗauki famfo tara har da saura, an danne ta sai ɗan kaɗan ake karɓa. Na fito da makullin. Ina so ku san wannan: na sa shi a cikin kwaɗon. Na san wayar da zan cire don kada makunnin ya ƙi haɗa mu da layi, na san abin da zan taɓa don mai gadi ya daina jin zobbansa. Aikin bai fi na ɗan lokaci kaɗan ba. Na tsaya a wurin ina lissafa abubuwan da dole su tafi daidai. Dole Ɗan Tanin ya cire fis uku, duka ukun, bai yi kuskure ba, bai faɗo ba. Dole kada motar kamfani ta biyo ta nan cikin awa biyu. Dole kada wani gida a layin ya kasance da wayar da ta tsinke a iskar nan tana kwance inda yara ke wasa. Ko guda daga cikinsu ba ya hannuna. Abin da ke hannuna kaɗai shi ne kwaɗon. Na zare makullin na maida aljihu.

Ban aika kowa ba, da ƙafata na je garkar. Su tara suna zaune a inuwar dalbejiya, Ɗan Tanin ya riga ya jingina tsani a turke. Da Yaya Audu ya ga tafiyata ya san amsar. Na durƙusa a gabansa kamar yadda na saba tun ina yaro.

"Yaya, ba zan buɗe ba."

Sauran suka fara magana gaba ɗaya, wani ya ce na zama bawan Alhaji, wani ya ce boko ya cinye mini zumunci. Yaya Audu ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya daɗe yana kallon dashen mangwaronsa.

"To," ya ce. "Tashi, kada ƙasa ta ɓata maka rigar Juma'a."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na ɗauki hayar amalanken shanu, na cika duro biyu a tabki na kai garkar, na yi ta zuba wa dashen itatuwan da bokiti. Bai hana ni ba, bai kuma yi mini magana ba. Sawu huɗu nake yi a rana kafin in tafi aiki da bayan na taso, amma ruwan duro a ƙasar da ta yi zafi haka kamar ka tofa yawu ne a kan tukunya. Tattasai ya fara tafiya, sannan albasa. Zogale ya jure, shi ba ya mutuwa da sauƙi. Cikin dashe goma sha ɗaya, biyu suka rayu. Kuran ya dawo bayan kwana goma sha biyu da Juma'ar nan, famfon ya tashi lafiya lau, yana zuba ruwa a kan busassun kara.

Akwai abin da na bincika daga baya wanda zan iya binnewa, amma ba zan binne ba. Na sami shugaban ma'aikatan da suka yi gyaran layin, na tambaye shi inda suke a ranar Juma'ar nan. Ya ce suna can nesa, wajen garin Sarkin Yamma, ko mutum guda bai zo ɓangarenmu ba. Ke nan da na buɗe, mai yiwuwa ne babu abin da zai faru sai ruwa. Garake tara da sun sha, da Yaya Audu ya ci gaba da tsinko mini tattasai. Babu wanda na ceta da zan iya nuna muku in ce ga shi. Na sha juya maganar nan a raina, kuma duk inda na juya ta, a wuri guda nake tsayawa: a lokacin da nake gaban kwaɗon ban san inda suke ba, kuma da an sake maida ni wurin ba tare da na sani ba, abin da na yi shi zan sake yi. Wannan bai rage mini zafin ba ko kaɗan.

Abin da na iya yi shi ne na hana Alhaji sakat. Na ce masa sharaɗin kamfani wuta ya hana fita, bai hana ruwa ba. Madam Rakiya ta zo ta zauna da mu, ta zana abin a takarda. Aka haƙa rijiya mai zurfi a cikin katangar izin, aka ɗaga shato, wato tankin ruwa, a kan ƙarafa, ta koya wa mai gadi sabon aiki: kafin ya ce wa fano su rage hannu, ya fara tada famfon rijiyar tukuna. Muka kuma maida daskarar da ƙanƙara zuwa tsakar rana. Daga shaton aka binne tiyo ta ƙarƙashin hanya zuwa wani kwami a bakin garake. Tun daga nan, ko an ɗauke kuran sati guda, ran Juma'a da kowace tsakar rana ruwa yana zuba a kwamin nan. Sai dai aikin bai kammala ba sai bayan damina. Shida daga cikin masu garake taran suka dawo suka ci moriyarsa. Yaya Audu bai dawo ba. Ya ba wani aron garkar, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya koma ga gonar gero kaɗai. Duk wanda ya san shi ya san ba gwiwa ba ce.

Shekara huɗu muka yi a haka. Bai yi gaba da ni ba, ba irinsa ba ne. Idan na gaishe shi ya amsa, idan an yi suna ko rasuwa mu zauna a tabarma guda. Amma ya daina kirana in ci tuwo da shi, ya daina tambayata shawara ko a kan fitilar hannu. Dije ce ta riƙe igiyar. Kowace Juma'a sai ta yi miyar kifi ta kai gidansa da kanta, ta zauna da matarsa, ta sha maganar da za ta sha, ta dawo ba ta faɗa mini ba. Idan kuna neman wanda za ku gode wa da har yau kuna shiga gidan Baba Audu, ita ce.

Da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, aka dawo da shi daga likita a Maraɗi, ya aika a kira ni da safe. Na same shi a ɗakinsa ya rame, babban ɗansa Lawan yana zaune a gefe. Na gaishe shi, ya nuna mini bakin gado.

"An ce ka je ka tambayi mutanen layi," ya ce.

"Na je."

"Mi suka ce?"

"Sun ce babu kowa a ɓangarenmu ranar."

"Na ji tun tuni. Ina son in ga ko za ka faɗa mini da bakinka." Ya numfasa. "Na ji haushinka, Hamisu. Har yanzu in na tuna mangwaron nan ina ji. Ba zan yi maka ƙarya ina kan hanya ba."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Wanga kuma an wuce shi." Ya juya ga ɗansa. "Lawan, in lokaci ya yi, babanka Hamisu zai yi mini wanka. Kada ku kira kowa."

Lawan ya ce akwai limamin unguwa, akwai waɗanda suka saba. Yaya Audu ya girgiza kai.

"Su suna sauri. Wanga ko duniya duka ta taru a ƙofa tana jiransa, ba zai tsallake ko gaɓa guda ba. Na gwada shi."

Bayan kwana shida ya cika, da hantsi. Mutane sun cika ƙofar gida, rana tana ɗagawa, sau biyu ana leƙowa a ce an gama haƙa. Lawan yana zuba mini ruwa, na fara daga dama kamar yadda aka koya mana, na bi tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannunsa har lokacin da kantar fartanya. Na ɗauki lokacina.